Mai Ɗinkin Cikina Yana Abijan

Mutanen Barmu, ku matso kusa da rediyo. Abin da ya faru da ni yau a Abijan ya sa na sayi kaset, ban jira mai rubuta wasiƙa ba.

Na samu aikin dako a tashar jirgin ruwa, amma dole sai likita ya duba mutum. Kwana uku ban ci abin kirki ba don fargaba. Kun san tabon cikina, inda bijimin Kawu Alhasan ya soke ni ina shekara goma. An ce mini mai irin wannan tabo ba a ɗaukarsa. Ga rumbunmu ba hatsi.

Na shiga ɗakin likita, na tarar da wani tsohon Bature. Ya yi mini alama in tuɓe riga. Na tuɓe, na rufe tabon da hannu. Ya janye hannun, ya bi ɗinkin da yatsa har ƙarshe. Na ce a raina, shi ke nan, sai gida.

Sai na ji Hausa daga bakinsa, irin tamu ta Adar!

"Samari, wanga aikin ƙaho na. A Tawa anka ɗunke ka?"

Na dube shi. Na ce, "I, likita."

Ya ce, "Ni na ɗunke ka, na san hannuna. Bisa raƙumi anka kawo ka, wata mata ta kife maka ƙwarya ga ciki, ta ƙi saki."

Ya buga hatimi a takardata, ya ce, "Aikina bai ɓaci ba. Tahi ka yi dakonka. Mai ƙwarya tana da rai?"

Inna mai ƙwarya, yana gaishe ki.