Bakaniken Da Ya Ji Da Tafin Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha biyu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mahaifinmu a bakin garejinsa na gyaran babura, sifana na hannunsa.

Baba, ni ce autarka. Ina cikin waɗanda suka so raba ka da garejin nan, shekarar da zazzaɓi ya tafi da jinka gaba ɗaya. Yaya ya tara mu, muka yanke cewa bakaniken da ba ya jin kukan inji ya gama aiki, ka zauna a gida mu kula da kai. Ka ƙura wa bakunanmu ido har ka gane zancen, sannan ka nuna ɗan babur ɗina roba-roba, wanda ya addabe ni da fizga. A tsaye lafiya lau yake, amma da na murɗa totur sai ya sarƙe kamar mai tari. An sauya fulogi, an wanke kafireto, duk a banza.

Ka ce, "Auta, ɗauke ni a baya. In na kasa gano ciwonsa, ku sa wa garejin kwaɗo."

Muka hau titi, tafinka manne da jikin babur, ni kuwa ina ta addu'a a zuci, don na san abin da rufe garejin zai yi maka. In ka taɓa kafaɗata in ja wuta, in ka sake taɓawa in sassauta. Muna daidai bakin kasuwa ka kwatsa murya, irin ta wanda ba ya jin kansa: "Iska yake sha ta ɓarauniyar hanya!" Kowa ya waiwayo. Da muka koma ka laluba robar da ta haɗa kafireto da inji, ka danne wata 'yar tsaga da babban yatsa, ka ce in murɗa. Injin ya miƙe sumul. Yaya bai ƙara tayar da maganar kwaɗo ba.

Daga ranar, duk mai babur sai ya goya ka zagaye kafin ka taɓa masa inji. Inna na tsokanarka wai ka tsufa kana yawon banza kyauta. Ni dai ban taɓa hango ka a bayan wani ba face na ji kaina ya yi girma.

Yaya ya gaya mini sun yi ta fama wajen yi maka wankan gawa, baƙin man da ke ƙarƙashin faratanka ya ƙi fita. Ya ce musu su bar maka abinka, da guminka ka same shi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da Yaya, da 'yan uwa, da abokan sana'arka. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya mayar maka da jinka a Aljanna, ka ji mu muna yi maka sallama.