Hoton da Aka Rufe da Hula

A cikin abra, kwale-kwalen da ke tsallakawa daga Bur Dubai, Malam Labaran na rungume da jakar kayan ɗansa Hafiz, wanda ya rasu makon jiya. Masallaci zai kai su sadaka.

A gabansa wani tsohon Bature ne, wuyansa ja wur, ya cire hularsa ya rufe wani hoto kada ruwa ya taɓa shi. Sanƙonsa kuwa ya bar wa rana. Malam, mai digiri biyu a tarihi, tuni ya yanke hukunci: jikan 'yan mulkin mallaka ne.

"Kakan kakana ne," in ji Baturen, da ya kama shi yana leƙen hoton. "Yunwa ta koro shi daga Ireland zuwa Ostareliya da riga ɗaya. Da dako ya fara. Ya mutu yana ɗan majalisar farko ta jiharsu."

Ashe jikan ɗan ci-rani ne. Malam ya tuna ranar da ya ce wa Hafiz, "Da iliminka za ka je Dubai dakon kaya?" Shekara talatin yana koyar da tarihi, ashe ƙarshensa kawai ya iya karantawa.

Da ya sauka a unguwar Al Ras, ya bayar da komai a masallaci, ban da rigar da Hafiz ke dako da ita.