Zaman da Liman da Fasto Suka Yi a Kaina

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada lokacin da manhaja ta kawo mu kan asalin sararin samaniya. Na gaya wa 'yan aji biyar abin da masana ke cewa: komai ya faro ne a dunƙule, cikin zafin da ba ya misaltuwa, sannan ya fashe ya buɗe, kuma har yau buɗewa yake yi. Wata yarinya a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna, ta ɗaga hannu.

"Malam, zai iya sake fashewa?"

Na ce masanan ma ba su daidaita ba. Yawancinsu na ganin zai yi ta faɗaɗa har komai ya huce, wasu na cewa yana iya tsukewa ya sake farowa. Ni dai ban sani ba.

Ta kai labarin gida, "ban sani ba" ɗin ya faɗi a hanya. Kafin mako ya ƙare, duk kasuwar Farin Gada, inda uwarta ke sayar da kabeji, an ji cewa wani malami ya sa wa duniya ranar tashi.

Makarantar tana da al'ada: duk ƙorafin da ya taɓa addini, sai an kira liman ɗaya da fasto ɗaya daga cikin iyaye, don kowa ya taka wa ɗan'uwansa birki. Mutanen nan biyu ko a kan launin fentin aji ba su taɓa yarda da juna ba. A kaina suka yarda.

"Malam," in ji liman, "tashin duniya ba ya cikin littafinka."

"Allah gafarta Malam, ban ce yana ciki ba. Tambaya aka yi mini."

Fasto, wani dattijo mutumin Vom, ya gyara tabarau. "Oga Tica, yaro ya tambaye ka, ka ce masa a'a, shi ke nan. Mene ne wahala?"

"Wahalar ita ce ban san a'a ɗin ba."

"Da duk digirinka?"

"Shi ya jawo, ranka ya daɗe. Kafin in yi shi na san komai."

Babu wanda ya yi dariya. Firinsifal ta yanke hukunci: ranar Litinin a taron safe in tsaya gaban ɗalibai in ce abin ba zai taɓa sake faruwa ba. In na ƙi, za ta karɓe manyan azuzuwan da na yi rainonsu tun suna ƙanana, ta mayar da ni aji ɗaya.

Litinin ta zo da sanyinta, yara duk sun cusa hannuwa cikin suwaita. Na ce kada kowa ya hana kansa barci, domin ko masu cewa zai sake faruwa suna maganar zamanin da lissafinsa ya fi ƙarfin allonmu. Na ce abin da littattafan addini suka faɗa game da ƙarshen duniya, su tambayi limamansu da fastocinsu, aikinsu ne kuma sun fi ni saninsa. Amma tambayar da aka yi mini a aji, amsarta har yanzu ban sani ba, kuma ba zan riƙe alli in koya musu tabbacin da ba ni da shi ba.

Firinsifal ta tare ni a baranda, fuskarta a murtuke.

"Malam, kai ka zaɓa wa kanka."

"Ni na zaɓa, Madam. Aji ɗayan, wanne za ki ba ni, na sama ko na kusa da famfo?"