Girmamawar da Ta Hana Abokina Taka Leda

Shekarun baya, daidai lokacin da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, wani abokina ya dawo gida Wudil da zama. Tare muka tashi, sai ni na bi kara na zama dillalin shanu, shi kuma ya bi ƙwallo. Ya buga wa manyan ƙungiyoyi a Kano da kudu, rediyo ta sha kiran sunansa. Ya dawo da 'yar furfura a gemu da gwiwar dama mai yi masa ciwo in an yi ruwa, amma ƙafarsa ta hagu tana nan yadda na san ta.

Lokacin ina cikin iyayen wata ƙungiya a Sabon Gari. Ba don na iya ƙwallo ba. Ni ko muna yara gola ake sa ni, saboda na fi kowa faɗi. Motata nake ba su in za su fita wasa, shi ya sa ake kira na zaman kwamiti.

Ya same ni a zaure ya ce, "Mutumina, so nake in buga. Ba koci nake son zama ba, ba kuma uban ƙungiya ba. Akwai saura a ƙafar nan, a fili nake so in ƙarar da shi."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Gobe da la'asar ka shirya."

Ranar da na kai shi, 'yan wasa suka zube suna gaishe shi. Wani ya karɓi jakarsa, wani ya shimfiɗa masa tabarma ya ɗaura takalmi. Nan take suka sa masa suna Baba. Ni har wani daɗi na ji, ina ta hura hanci kamar ni na haife shi.

Da aka fara atisaye ne na ga abin da ban taɓa gani ba. In ƙwallo ya zo ƙafarsa, sai kowa ya buɗe masa hanya. Mai tsaron baya ya riƙa binsa a gefe kamar mai rakiyar baƙo. In ya ba da ƙwallo ya kauce, wanda aka ba shi ne zai ɗaga hannu ya ce, "Yi haƙuri Baba, ni ne ban tsaya daidai ba." In ya buga raga, gola sai ya bari ƙwallon ya wuce sannan ya faɗi. Wata rana da gangan ya ɗirka ƙwallo cikin gonar dawa don ya ga abin da za su yi. Tafi suka yi masa.

A shekarar wani sabon kansila ya sa kofi, don lokacin duk wanda ya ci zaɓe kofi yake sawa. Ranar wasanmu na farko abokina ya zo da rigar wasa a jikinsa, ya ɗaure gwiwa, ya gama motsa jiki. Sai aka kama hannunsa aka kai shi rumfar manya, aka zaunar da shi kusa da kansila. Mai lasifika yana ta yi masa kirari. Aka kira shi ya taɓa ƙwallo sau ɗaya don buɗe wasa, aka mai da shi kujera, aka miƙa masa lemo. Wasa na biyu haka, na gaba ma haka.

Wata Juma'a ya same ni a kara, kasuwa ta fara watsewa. Ya tsaya yana kallon shanun da ake lodawa a mota, ya ce, "Alhaji, mutanen nan sun binne ni da raina, kuma kullum sai na yi musu godiya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban ko je gida ba, na wuce wajen kocin ƙungiyarmu.

Ya ce, "Alhaji, ka yi mini adalci. Mutumin nan ina yaro nake hawa katanga in kalle shi a Kano. In na sa shi ya yi kuskure, da wane bakin zan yi masa tsawa? In ya gaji, wa zai ce Baba fito? Gari zai ce ba mu da tarbiyya."

Na ce, "Malam, ni ciniki na sani. A kara, bijimin da kowa ke yabo daga nesa, ba wanda ya buɗe masa baki ya duba haƙori, ba wanda ya daki ƙugunsa ya ga tafiyarsa, to ba mai niyyar saye. Ku taɓa shi mana ku gani!"

Ya yi dariya ya ce, "Alhaji ke nan. Baba ai ba bijimi ba ne."

Na matsa, na matsa, har ya yarda zai sa shi na ɗan lokaci a wasan sada zumunci da wata ƙungiya ta ƙauyen Dagumawa, wadda ita ma tana cikin gasar kofin kansila, wai don jama'a su gan shi. 'Yan Dagumawa manoma ne, daga gona suke zuwa fili. Cikin masu tsaron bayansu akwai wani magidanci mai faɗin ƙirji, wanda bai damu da rediyo ba, bai kuma san wane ne Baba ba. Ƙwallon farko da abokina ya karɓa, mutumin nan ya shigo ya kwashe ƙwallon, ya haɗa da mai shi. Abokina ya mirgina a ƙasa.

Ya tashi yana tofar da yashi, yana dariya. Tun da ya dawo ban ga haƙoransa haka ba. Da ƙwallo ya sake zuwa, ya yi kamar zai bi dama, ya yanke mutumin ya bar shi zaune, ya ɗaga ƙwallon da hagu ya sauke shi daidai kan ɗan gabanmu. Na yi ihu har hulata ta faɗi. Suka ci gaba da gwabzawa, wannan ya ci wancan, wancan ya rama. Da mutumin ya sake kayar da shi, sai magoya bayanmu suka ɓarke cikin fili suna cewa an ci mutuncin dattijo. Kansila ya miƙe yana nuna yatsa. Alƙalin wasa ya tsorata ya kori mutumin, alhali ƙwallo ya taɓa, kowa ya gani. Koci kuma ya yi maza ya fitar da abokina, wai kada a ji masa ciwo. Na ruga in hana, babbar rigata ta harɗe ni, na kife a gaban jama'a. Ni ba wanda ya ce an ci mutuncina.

Washegari kwamiti ya zauna, kansila na nan. Aka yanke cewa an cire 'yan Dagumawa daga gasar kofi gaba ɗaya saboda rashin ladabi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce wane irin ladabi ne wannan da zai hana mutum sana'arsa? Aka ce in yi haƙuri, ban san ƙwallo ba.

Abokina bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun da na dawo garin nan, mutum ɗaya ne ya ɗauke ni ɗan ƙwallo, kuma shi kuka kora." Ya ninke rigar ƙungiya ya ajiye a kan tabarma.

Kansila ya ce, "Haba Baba, kujerarka fa tana nan."

Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. A ba mai bukata."

Bayan 'yan kwanaki ya hau babur ya tafi Dagumawa ya ce su ɗauke shi. Suka ce to, amma a nan wanda ya makara sai ya zagaye fili da gudu, kuma kowa na tsince ƙaya kafin a fara. Ya ce ya yarda. Ranar da na je kallo, ina fitowa daga mota na ji magidancin nan yana daka masa tsawa: "Kai tsoho, saki ƙwallon mana! Na gadonka ne?" Abokina ya waiwaya ya ce, "Ka iya gudu ne da zan ba ka?" A nan ya zauna. Ba kofi, ba lasifika, wasan ƙauye da ƙauye kawai, har ranar da gwiwar ta ƙi, ya ajiye da kansa. Ni kuma na janye motata daga Sabon Gari, ban sake zaman kwamiti ba.

Abin ya wuce da daɗewa, amma har yanzu ban manta ba. Na koyi cewa ana iya kawar da mutum gefe da durƙuso da kirari, kuma ba shi da bakin kuka, don kowa zai ce ai girmama shi aka yi. Kwanan baya na haɗu da kocin a wajen ɗaurin aure, shi ma ya yi furfura. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, wallahi har yau ban san abin da muka yi wa Baba ya guje mu ba."

Na dube shi da kyau, na ga da gaske yake. Da ƙarya yake yi, da na fi samun sauƙi.