Minti Arba'in Na Abu Muhannad

Masu gadin cibiyar bincikenmu sun ce da isowar Abu Muhannad suke saita agogo. Ɗalibai kuwa a bayan idonsa "Ammu Dakata" suke kiransa, wato Baffa Dakata. Shekara goma sha tara ke nan kullum yana sauka daga motar garin Salt da ƙarfe bakwai, ya wanke hannu, ya shiga ɗakin na'urar da ke haska abu da hasken eksire, ta nuna abin da ya fi silin gashi ƙanƙanta sau dubu. Shi ke saita maduban cikinta. Ba a taɓa buga sunansa a takardar bincike ba.

Doka ɗaya gare shi. In an ɗora abin da za a duba, an fito an rufe ƙofa, sai a jira minti arba'in. Ya ce ɗumin jikin mutum yana miƙar da ƙarfe, a bari ya huce.

Dakta Rula, wadda ta tsara sabuwar na'urar don ta riƙa ɗaukar hoto cikin ƙiftawar ido, ba ta yarda ba. A gaban ɗalibai ta ce, "Haba Ammu, na'ura muka ƙera ko tukunyar mansaf muka ɗora? Sai naman ya yi laushi?" Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Sati biyu bayan nan ta sa aka mayar da shi sito, aka daina jiran.

Wata bakwai hotuna suna fitowa dishi-dishi, har aka fara maganar rufe aikin. Shi kuwa yana ƙirga kusoshi a sito, bai kai ƙara wurin kowa ba. Da aka auna, sai ga ƙarfen yana motsi daidai yadda ya faɗa. Aka dawo da shi, hotuna suka fito tar, Dakta ta ce masa "Barka da dawowa", ba ta ƙara komai ba. Shekara shida ke nan da faruwar haka.

Kai ne mai hannun da ba ya rawa, Abu Muhannad. Kai ka koya wa masu digiri cewa saurin na'ura yana bukatar mai haƙuri a bakin ƙofa. Mun gode. Masu tasowa, ku yi koyi da shi.

Ranar Alhamis da ya ajiye aiki, muka je gidansa tare da Dakta Rula da ɗalibai. Ya zuba wa Dakta Rula gahawa, sai ta dire kofin a ƙasa ba ta kurɓa ba, yadda mai neman alfarma yake yi a al'adar ƙasar har a biya masa bukata.

Ya ce, "Sha gahawarki, 'yata. Ko me kika zo nema, an ba ki."

"A'a Ammu, sai ka ji da kunnenka." Ta miƙe, ta dubi ɗaliban. "A gaban mutane na yi maka dariya, a gabansu zan faɗa. Kai ke da gaskiya, ni na zalunce ka. Ka yafe mini."