Tazarar Baba Akawu

A makarantar nan babu wanda ya kai Baba Akawu daɗewa, sai dai ko bishiyar da ke tsakar fili. Tun zamanin tafireta yake buga takardar rabon aiki ta mako: sunaye a hagu, aikin kowa a dama. Da aka kawo kwamfuta ya karɓe ta hannu bibbiyu, amma a ransa tafireta ce da aka yi wa gilashi.

Ga yadda yake yi. Ya rubuta suna, sannan ya dafa dogon maɓallin nan na ba da tazara da babban yatsa, ƙwas ƙwas ƙwas, yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi har ya isa inda aikin zai zauna. Gajeren suna tazara arba'in da ɗaya, dogo talatin da uku. In ya gama sai ya manna rula a jikin gilashin, ya kanne ido ɗaya. Kwana biyu cur yake ci a kan shafi guda, kuma wallahi layin kan fito a miƙe.

Ya adana takardar a matsayin samfuri, wai kowa ya buɗe ya cike. Ƙarya yake. Duk wanda ya ƙara harafi ɗaya, ɓangaren dama sai ya tsere, dole ya dawo yana sosa ƙeya yana "Baba, taimaka." Wannan kalma ita ce abincin ransa. Ya sani sarai ba ya da sauri, idonsa ma ya fara gajiya, amma muddin takardar ba ta jin maganar kowa sai tasa, kujerarsa tasa ce.

Sai aka kawo sabuwar shugaba, baiwar Allah mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Wata Litinin ta buɗe samfurin, ta ga rubutun ya yi mata ƙanana, ta ƙara girman haruffa, ta buga, ta sa aka manna a allo ba tare da ta duba ba. Kowane aiki ya zame ya faɗa gaban sunan da ke ƙasa.

Shekara ashirin takardar Baba ba ta taɓa kuskure ba, don haka babu wanda ya yi musu. Malamin lissafi ya ɗauki sanda ya tsaya bakin ƙofa. Mai gadi ya shiga aji shida, ya gyara hula, ya kwashe awa guda yana koyar da yadda ake gane ɓarawo daga tafiyarsa, kuma an ce ba a taɓa samun ajin ya yi tsit haka ba. Ita kanta shugabar ta tsinci sunanta a gaban ban ruwan fulawa.

"Baba, me na yi maka?" in ji ta, tana riƙe da takardar.

"Ranki ya daɗe, ai taɓawa kika yi," ya ce, yana danne murmushi. "Ba a taɓa ta. Ki ba ni zuwa Laraba."

Malamar kimiyya, wadda ta shigo neman alli, ta leƙo. "Baba, ɗan matsa in gani."

Ta zana jadawali mai gida biyu a kwamfutar, ta zuba sunaye a ɗaya, ayyuka a ɗaya, ta ɓoye layukansa. Ta ƙara girman haruffa, ta rage, ta sake ƙarawa. Ko gezau.

"To ina tazarar?" ya tambaya.

"Ita take yi da kanta, Baba."

"Ba ƙirge?"

"Ba ƙirge."

Ya ce wannan ha'inci ne, aiki ba gumi. Aka yi dariya, shi ma ya taya su, amma idonsa na kan gilashin.

Wata biyu bayan haka ya ɗauki hutu, na farko cikin shekara tara. Ya cika wayarsa da caji, ya ajiye ta kusa da tabarma, ya hana jikoki kusantarta.

"Malam, wa kake jira ne?" in ji matarsa.

"Za su kira. Bari dai Litinin ta yi."

Litinin ta wuce, Talata ta bi ta. Ran Laraba ya kasa haƙuri, ya kira da kansa, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko takarda ta ba su wahala.

"Lafiya lau, Baba," in ji malamar kimiyya cikin fara'a. "Mai gadi ma ya cike ta wannan makon. Ka huta abinka."

"To, madalla," ya ce.

Ya daɗe riƙe da wayar a kunne bayan ta kashe.