Shekarar da Kawu Ya Koma Rafani

Abin nan ya faru shekarar da aka yi wa rijiyar garinmu bakin siminti, damina biyu bayan farar da ta cinye mana gero tun yana ciki, tun ba a kafa lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu ba. Ban san shekaruna da lissafi ba, amma na san haƙoran gabana sun faɗi sun sake tsirowa, kuma an fara ba ni ƙaramin tulu. Duk lokacin da na ji maburgi yana kaɗa nono cikin ƙwarya, shekarar nan nake tunawa.

Garinmu yana cikin rairayi, tsakanin Tibiri da Kore Mairuwa. A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, gida ɗaya da ɗanta, wato kawuna, mutum dogo mai ƙarfin noma da saurin fushi. Yamma da gari akwai rugar Fulani, gida uku, tun kafin a haife ni. Ɗiyar ardon rugar sa'ata ce. Kowace hantsi takan biyo uwarta da ƙwaryar nono, manya su yi cinikinsu, mu kuma mu shige inuwar rumbu muna tsefe kan juna. Ban yi ƙawa kamarta ba.

Gero ya nuna, zangarniya ta sunkuya, saura kwana kaɗan a sa wuƙa, sai shanun ruga suka faɗa gefen gonar kawu a kan hanyarsu ta zuwa rijiya. Ɓarnar ba ƙarama ba ce, gaskiya dai gaskiya ce. Kawu ya shigo gida idonsa jawur, ya tsaya tsakar gida ya ce, "In dai ina da baki garin ga, kome na Hilani sai ya bar shi. Ko igiyar guga kar su bari!" Ya bi mazan gari ɗaya ɗaya, aka sa ranar Juma'a za a zauna ƙofar maigari. Kowa ya san in aka hana su rijiya, tashi ya zama dole. Washegari ƙawata ba ta zo ba. Na zauna gindin rumbu ni kaɗai ina kuka, ina ƙaryar hayaƙi ne.

To, akwai abin da ya kamata ku sani game da kakata. Uwarta ta rasu tana jinjira, wata Bafillata ta shayar da ita, ta yi wayo tsakanin ruga da gari. Fillanci a bakinta kamar Hausa yake. Mu jikoki ta tara, mu da 'ya'yansa, ta ce, "Kun ji abin da yac ce, kome na Hilani. To, mu taimake shi. Daga yau kar in ji wanda ya kira shi kawu. Kawu maganar Hilani ce, aronta muka yi. Kakanninmu rafani suke cewa."

Muka buɗe baki. Ni a zatona da kalmar kawu Allah ya halicci Bahaushe. Ta ci gaba tana lissafa mana da yatsa: goggo nasu, baffa nasu, kindirmo nasu. Ta ce abin da ya daɗe a gidanka sai ka manta ranar da ya shigo, amma ita ba ta manta ba, don ta ji su a ruga kafin ta ji su a gari.

Da la'asar kawu ya dawo daga gona, muka tarbe shi mu shida da murya ɗaya: "Sannu da aiki, rafani!" Ya waiga bayansa yana neman baƙon. Kalmar ta riga ta tsufa, sai a bakin tsofaffi masu dogara sanda ake jin ta, shi kuwa yana ganin kansa saurayi. Aka kawo masa fura, ya kurɓa, ya ajiye ludayi.

"Inna, ina nonon?"

"Ya tashi," in ji kakata. "Shi ya riga su ƙaura."

Na ji matarsa bayan zana tana toshe dariya da zane. Kwana uku ya sha fura da ruwan rijiya, mai sanyi, marar daɗi, kamar ta gidan da ba mace. Kafin Juma'a maganar ta zagaye gari. Mata a bakin rijiya suna tambayar lafiyar rafani. Ƙanwarsa ta zo da faɗa, wai 'ya'yan ɗan'uwanta sun daina ce mata goggo, suna wuce ta kamar kututture. "Ni mi na yi? Ni ba ni da gona bakin hanya!" Kakata ta ce ta je ta tambayi wanda ya yi rantsuwa.

Ranar zama, bayan an sauko daga masallaci, maza suka cika inuwar tsamiyar ƙofar maigari. Mata ba sa zuwa irin wannan wuri, amma tsohuwa in ta kai shekarun kakata ba mai korarta. Ta zauna can gefe da sandarta, ni kuma na laɓe bayan zana. Kawu ya miƙe ya fara ƙara: shanunsu suka bar burtali suka shiga gonarsa.

"Suka bar mi?" in ji kakata.

"Burtali, Inna."

"Da bakin wa ka kira shi?"

Ta juya wajen maigari ta ce wannan ma kalmar ruga ce. Manomi ba ya raɗa wa hanyar shanu suna, masu bin ta suka raɗa. Tunda iyayenmu da sunan Fulani suka san hanyar nan, to, sun tarar da ita ne, ta girmi gonar ɗanta. Sai ta ce a tambaye shi faɗinta lokacin da yake yaro, da faɗinta yau.

Sai ardo ya karɓi magana. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, akwai wasan da ba a fushi da shi tsakaninmu. Ya gyara malafarsa ya ce, "Kai Ba'are, bawana. Sunan ka ara, na yi shiru. Hanyar ka ara kana shuka bisanta, na yi shiru. Baɗi shanun za ka ara?" Dariya ta ɓarke, har maigari ya sunkuyar da kai.

Aka tashi gaba ɗaya zuwa gonar. Can cikin gero, ƙafa goma ko fi daga bakin hanya, aka tarar da tsofaffin kututturan aguwa da aka dasa don iyaka. Kowace damina kawu yana ɗan matsawa, har hanya ta zama ba ta ɗaukar garke. Kawuna mai fushi ne, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya dubi kututturan ya ce haka ne. Ardo shi ma ya ce masu kiwonsa sun yi sakaci, ya ɗauki alkawari garkensa zai yi rani a gonar ya takince ta. Geron da ta yi damina mai zuwa, sai da aka ƙara rumbu.

Ran Asabar da hantsi na hango ƙwarya biyu suna tahowa daga yamma, babba da ƙarama. Na zubar da tsakin da nake tankaɗe na ruga. Kakata ta janye dokarta, amma gari bai janye ba. Har kawu ya tsufa ya rasu, rafani ake ce masa, yana amsawa.

Yanzu jikokina na Dogon Dutsi in sun zo hutu, tonto da tanti na Faransanci nake ji maimakon kawu da goggo, da partabul, wato wayar salula, a hannu. Sa'o'ina suna kukan Hausa ta lalace. Ni ba na cikin masu wannan kuka. Wani malami ya taɓa gaya mini kasuwa ma daga bakin Barebari ta zo, raƙumi daga Buzaye, to wane ne zai ce a kore su? Kalma ba ta shiga bakin mutane sai an zauna tare an daɗe. Abin da nake so kawai, yaro ya san mai abu. Shi ya sa nake zaunar da su in lissafa musu, kuma suna saurare. Bara ma wata daga cikinsu ta kawo mini kalmomi biyu da ni kaina ban san asalinsu ba.

Cikin waɗanda suka ga shekarar nan, mu uku muka rage. Ni, da autar kawu da ke aure Sukukutane, ita lokacin tana goye, ba ta san kome ba sai abin da na gaya mata. Sai ɗiyar ardo, tana nan wajen Kore Mairuwa, idonta ya tafi amma bakinta yana nan. Watan jiya ta sa jikanta ya kira, wai a tambaya ko baiwarta Ba'ara ta mutu ne ba a gaya mata ba. Na ce a shaida mata ina nan, kuma ranar kasuwa ina tafe, ta sa a share mini wuri.